Geron Shanun Tanimu

Shekarar da damina ta yi gardama a ƙasar Durum, kafin a samu 'yancin kai, gona ɗaya ce ta yi kore shar a gabas da gari, ita ce ta Tanimu.

Tanimu na da shanun huɗa biyu da ke ramewa duk rani. Suma'ila, malamin gona daga Zinder, shi ya kawo masa dabara: ya shuka gero a cunkushe, ya yanke shi ɗanye kafin ya fid da kai, ya shanya ya zama harawa. Ya ba shi buhun angire, takin Nasara fari kamar gishiri, da ɗan ƙullin garin tutiya, wai saboda ganyen da ke yin fari-fari a jigawa.

"Kaɗan-kaɗan za ka zuba, kuma sai ƙasa na da laima," in ji Suma'ila.

Tanimu ya bi maganar. Gero ya tashi har ƙirji, ganye faffaɗa. A gonakin maƙwabta kuwa ya tsaya iya gwiwa, ya yi ja.

Ranar yanka, yana sunkuye da lauje, sai ya ji sallama. Malam Sha'ibu ne, mahaifin matarsa Ramlatu, wanda gonarsa ta ƙone ƙurmus. Tanimu ya yar da lauje ya durƙusa.

"Baba, barka da hantsi."

Tsohon ya amsa. Ya ɗauki kara ɗaya daga tarin da aka yanke, ya daɗe yana shafa shi.

"Wannan na shanu ne?"

"Na shanu ne, Baba."

"To. Allah ya amfana."

Ya ajiye karan a hankali ya wuce. Tanimu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Jiya-jiya Ramlatu ta gaya masa a gidansu an fara cin tafasa da dussa.

Daga nan bai sake sa lauje ba. Da Suma'ila ya zo ya tarar da rabin gona a tsaye, ya riƙe baki.

"Malam Tanimu, wannan shukar ta yi cunkoso, ba za ta yi ƙwaya ba. Ka yanke tun ganyen na da amfani."

"Ba zan iya ba. Surukina ya gan ni."

Tanimu ya bar geron a tsaye. Ruwa ya ɗauke da wuri, zangarniya ta fito sirara, yawanci ƙaiƙayi. Karan ya bushe ya yi tauri, shanu na shinshinawa suna kau da kai. Abin da aka sussuka bai cika ƙwarya uku ba.

Tanimu ya rasa fuskar da zai kai wannan ɗan geron gidan surukai. Ramlatu ce ta ɗauka ta kai. Da ta dawo ya kasa tambayarta, sai ita ta ce, "Baba ya gode. Ya ce da ka yanke abinka, ai shanun nan su za su yi mana huɗa baɗi."

Tanimu ya sunkuyar da kai. Kafin bazara sa ɗaya ya kwanta, dole aka yanka shi. Da ruwa ya sauka, Tanimu ya ja ɗayan zuwa gonar Malam Sha'ibu, ya haɗa shi da na wani maƙwabci, ya fara huɗar tun tsohon bai fito ba.