Bayan Jabez Tolley

A garinmu na bakin kogin Huon ba a tambayar dattijo jirgin da ya kawo shi, don da yawansu jirgin fursunoni ne ya kawo su. Jabez Tolley mai gonar tuffa ya ce wa 'ya'yansa don kansa ya baro Ingila, aka bar maganar a haka. Komai zafin rana, ba wanda ya taɓa ganinsa ba riga.

Ranar tseren kwalekwale, ana gab da tashi, ɗaya daga cikin matuƙan kwalekwalen ɗansa Silas ya gurɗe a kafaɗa.

"Baba, shigo mana," in ji Silas. "Inna ta ce ka iya tuƙi."

"Innarka ta cika surutu."

Crouch mahauci, wanda 'ya'yansa suka ci tseren bara, ya tuntsire da dariya. "Ka san al'ada, Tolley, ba a shiga da riga. Ko tumbi kake ɓoye mana?"

Ba tumbi ba ne. Yana saurayi aka kama shi da satar tunkiya, aka turo shi nan cikin mari. Ya yi shekaru yana jan gumagumai da kwalekwale a sansanin fursunoni na Macquarie, inda bulala ta yi wa bayansa kaca-kaca. In ya tuɓe, yau Silas zai san shi ɗan fursuna ne, a gaban duk gari.

Matarsa Keziah ta miƙo hannu. "Kawo in riƙe maka. Ni ke shafa wa bayan nan mai, ban ga abin kunya a jikinsa ba."

Jabez ya dube ta, ya dubi ɗansa, ya tuɓe.

Kowa ya ga tabon bulalar. Crouch ya hau gyaran hula. Jabez ya zauna a mazaunin jagoran matuƙa, Silas a bayansa, inda dole ya zuba wa tabon nan ido don ya bi tuƙinsa.

Aka harba bindiga. 'Ya'yan Crouch suka fita a guje, Jabez bai ko kula su ba. Yana ja a hankali, dogo, irin na wanda ya saba tuƙi da yunwa tun safe har faɗuwar rana. Da aka zagayo tutar da ake juyowa a kanta, numfashin 'ya'yan Crouch ya ƙare, nasa yana nan. Su Jabez suka wuce su kamar an ɗaure su a gaɓa.

Da suka sauka, Silas ya tsaya gabansa yana haki.

"Baba, wane jirgi ne ya kawo ka?"

Na kusa suka sunkuyar da kai. Jabez ya ɗaga murya yadda har Crouch zai ji.

"Lady Harbury."

"To, kwalekwalenmu ya samu suna," in ji Silas.

Keziah ta miƙa masa rigar. Ya rataya ta a kafaɗa, ya bi tsakiyar taro zuwa gida.