Takardun Malam Jumare

Shekara biyu da samun mulkin kai Ya'u ya gama sakandare a Zariya, aka ajiye masa aiki biyu ya zaɓa: ko malamin awon auduga a Makarfi, ko gwajin wata shida a gidan ajiye takardun tarihi a Kaduna. Ya ɗauki na biyun. Mahaifiyarsa Mero ta yi kwana biyu tana fushi, ta ce ita ba ta taɓa jin wanda ya riƙe gida da tsohuwar takarda ba.

Aikinsa na farko a waje shi ne zuwa Taba, wurin kawunsa Malam Jumare, wanda yake riƙe da wata gafaka cike da wasiƙu da waƙoƙin ajami na kakanninsu. An aike shi ne ya karɓo su. Tsohon ya ce sam. Kwana uku Ya'u yana lallashi. Ya nuna masa inda gara ta fara cin gefen takardun, ya rantse aro ne kawai, hotonsu za a ɗauka a dawo da su.

"Ba gwamnati na ba wa ba," in ji Malam Jumare da ya miƙa gafakar. "Kai na ba wa, ɗan ƙanwata."

Tsakiyar damina ce. Kafin a kai Likoro babbar motar da ya hau ta kafe a cikin wani rafi da ya kawo ruwa, direba ya ce kowa ya sauka. Ya'u ya ɗora gafakar a ka ya shiga ruwan. Saura taku kaɗan ya haye, santsi ya kwashe shi. Ya cafko gafakar kafin ruwa ya tafi da ita, amma ta riga ta sha.

A zauren wani manomi ya shimfiɗa takardun ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Tawadar gargajiya ba ta jure ruwa. Cikin warƙa sittin da uku, goma sha tara ne kaɗai suke karantuwa.

Ya yi tunanin ya wuce Kaduna ya ce haka ya same su. Ya yi tunanin ya nufi Makarfi ya roƙi aikin audugar, ya rabu da takardu har abada. Daga ƙarshe dai Taba ya koma, a ƙafa.

Malam Jumare bai yi faɗa ba. Ya riƙa ɗaga takardun yana dubawa, har ya zo kan wata da ta koma toka-toka. Ya daɗe yana kallonta.

"Wannan wasiƙar kakana ce ga 'yarsa da aka sace a hanyar kasuwa. Bai sami wanda zai kai mata ba. Ban haddace ta ba, don na ɗauka tana nan."

Ya'u ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya roƙi a bar shi ya kwafe abin da ya rage. Tsohon ya yarda, amma a zaurensa, a gaban idonsa. Sati guda ya yi yana kwafewa.

Da ya koma Kaduna ya rubuta abin da ya faru bai rage komai ba. Aka ƙara masa wata uku a kan gwajin. Bai bar aikin ba, amma sai da aka shekara huɗu kafin ya iya sake taka Taba.