Wa Ke Riƙe Da Sitiyari

Likitan ido ya ba mu ƙarfe goma na safe, asibitin kuma da nisa, sai an hau bas biyu. Maigida ba ya jure wannan wahalar tun da idonsa na hagu ya yi yana. Sai Auta ya ce a ɗauko motar haya ta yini ɗaya, irin wadda mutum ke tuƙa kansa.

Na bi shi ofishin, don Auta shekararsa talatin, amma har yau in ka aike shi sayen allura zare zai kawo maka. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, kanta ɗaya, makullai rataye a jikin allo, da wata mata mai tabarau a bayan kwamfuta. Ta ce akwai inshora, in aka ƙara wani abu kaɗan, duk abin da ya sami motar su ne da gyara. Na ce mata mai tsarewa Allah ne, amma ta sa, ai ba a kwana da ƙofa buɗe don an yi addu'a. Ta ce sharaɗin ɗaya ne: wanda sunansa ke kan takarda shi kaɗai zai tuƙa, in wani ya taɓa sitiyari babu ruwansu. Ta rubuta sunan Auta. Ban yi boko mai nisa ba, amma wannan na ji shi sarai, har na sa ta maimaita.

Ta ɗauko takarda mai zanen mota, muka fita muka zagaya motar. Ni sana'ata wanki da guga, tabo ba ya ɓuya mini. Na nuna mata ƙarzuwa uku da ba ta gani ba, ta kewaye su da biro a jikin zanen. Auta ya ce wai in yi haƙuri haka, haya muka zo yi ba neman aure ba.

Maigida shekara talatin da biyu ya yi yana jan bas, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Lasinsa na nan a aljihun gaba, naɗe cikin leda, bai ma ƙare ba. Duk hanya yana kujerar gaba yana taka birkin da babu, yana ce wa Auta giyar tana kuka, ya ji tausayinta. Likita ya duba, ya sa ranar aiki nan da wata biyu, ya ce kafin nan ban da tuƙi. Maigida ya mai da hankali wajen gyara hularsa.

Da azahar muka dawo unguwa. A bakin layinmu maigida ya ce Auta ya tsaya ya ba shi sitiyari, daga nan zuwa ƙofar gida kawai, taku nawa ne. Ina baya ina ji. Na tuna maganar mai tabarau, kuma na yi shiru. Rabon da in ga fuskarsa ta washe haka tun kafin ciwon. Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya yi bismilla. Motar ta tafi sumul kamar guga a kan farin yadi. Sai dai turken siminti da ke gefen kwata ta hagu yake. Na ji ƙiii, kamar an yaga sabon atamfa. Daga ƙofar gaba har bayan motar.

Muka fito daga motar. Na shiga na yi salla. Ina sallamewa Auta ya tsuguna a bakin darduma, ya rage murya.

"Mama, kawai a ce ni ne. Inshora fa mun biya. In ba haka ba kuɗin aikin idon Baba ne za su tafi."

Gaskiyarsa a nan, abin da muka tara ke nan. Kuma ba halin a ce tsohuwar ƙarzuwa ce, ni da kaina na toshe wannan ƙofar da safe. Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba. Har na yi niyyar zama a gida, wai abin da kunne bai ji ba. Allah Ya yafe mini. Sai ga maigida ya fito da sandarsa, ya ce tare za a je mayar da motar, ni ma in taso.

Mai tabarau ta duba motar, ta ɗauki hoto, muka koma ciki. Ta jawo wata takarda ta fara cikewa: wuri, lokaci, me aka buga. Sannan ta tambaya wa ke riƙe da sitiyari. Auta ya yi gyaran murya. Ni kuwa na kafa wa tayil ɗin ƙasa ido. Na ji ƙarar leda, na ɗago. Maigida ya ajiye lasinsa a kan kanta.

"Ni ne, 'yata. Rubuta."

Ta ce, "Baba, ka san sunanka ba ya ciki? Inshora ba za ta biya ba."

"Na sani. Shekara talatin da biyu ban taɓa ɗora wa kwandasta laifina ba, ba zan fara da ɗana ba."

Ta rubuta. Ta ce gareji za su kimanta su kira mu, za ta roƙa a bar mu mu biya kashi biyu. Ta turo masa lasin. Bai ɗauka ba, ya tura shi gabana da yatsa ɗaya, ya ce in sa a jaka, in ajiye inda nake ajiye takardun haihuwar yara.

A bas muka koma. Ya zauna can baya kusa da taga, bai gyara wa direba tuƙi ba sai sau ɗaya, a kwana. Aikin ido ya koma wata huɗu. Na karɓi wankin gida biyu ƙari, Auta kuma shi ke kai kaya yana ɗaukowa, don na gaya masa mu biyu muka yi shiru a bakin layi, ba Baba kaɗai ya bugi turke ba.