Tantabarun Baba Mai Faci

Da hantsi, hadari ya haɗo amma ya ƙi zuba. Ina wanke babur ɗina a ƙofar gida sai na ji faf-faf-faf a kan kwano. Na ɗaga kai. Tantabarun maƙwabcinmu Baba Mai Faci ne, waɗanda na kai wa mai kaji a kasuwa da hannuna jiya, sun jeru a rufin ɗakinsa kamar ba a taɓa sayar da su ba.

"Inna! Fito ki ga ikon Allah!"

Matarsa ta fito da ludayi a hannu. Ta tuntsire da dariya, irin wadda ba ta yi ba tun da aka kwantar da shi, sai kuma ta dafe ƙirji.

"Wayyo, ɗan nan! In mai kaji ya ce a ba shi kuɗinsa, da me za a yi aikin?"

Abin daga haƙori ɗaya ya faro, na can ciki. Baba ya yi ta cusa masa kanumfari, wai kuɗin cirewa gara ya sayi gam da robar facin taya. Kumburi ya sauko haɓa, ya cika wuya, har yawu ya gagara haɗiya. Likita ya ce sai an tsaga an fitar da mugunya, kuma kowace allura da kuɗinta. Injin ba taya iska ya tafi kasuwa. Jak ɗin ɗaga mota ya tafi, katifa ta bi shi. Tantabarun ne na ƙarshe.

Na watsa musu hatsi a akurki, na rufe, na kama su na zuba a kwando, na ɗaura a bayan babur sai kasuwa. Mai kaji na hango ni ya miƙe.

"Kai! Baki kuka haɗa da tsohon nan? Ku sayar jiya, su koma yau?"

"Wallahi, kawu, ba mu muka kira su ba."

Ya ce, "Yaron shagona ne ya buɗe keji zai ba su ruwa. Yau sai na fige musu fiffike."

Da na ba Baba labari a asibiti, wuyan nan ya hana shi dariya, kafaɗunsa ne kawai ke rawa. Ya jawo rigata, ya raɗa mini da ƙyar, "Kada a fige su."

Na koma na durƙusa wa mai kaji. Na ce ya bar musu gashinsu, duk ranar da suka gudu ni zan kawo su, man babur ma nawa. Ya ce ni mahaukaci ne, amma ya fasa fige su.

To fa! Unguwa ta samu abin kallo. Da sun sauka sai yara su ɗauki ihu, "Sun dawo! Sun dawo!" Telan layinmu ya bar keken ɗinki ya riƙe mini tsani, Inna tana ƙasa tana nuni da ludayi, "Ga farar can, munafuka, ita ke jan su!" Ranar da aka ce an yi aiki lafiya, har rawa na taka a kan kwano, saura kaɗan na burma.

Ashe ciwon ya riga ya gangara ƙirji. Bai daɗe ba bayan aikin, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, tantabarun suka sake sauka. Babu yaron da ya yi ihu. Na ɗauko kwandon da mai kaji ya ba ni na mayar da su, na jingina tsani, sai na ji an riƙe ƙafar tsanin. Mai kaji ne. Bai dube ni ba. Ya sauke ɗan buhun hatsi a bakin akurki, ya ɗauki kwandonsa babu komai a ciki, ya juya.

Inna tana ɗaki, ba ta ma san ya zo ba. Farar ce ta fara saukowa.