Ragon Suna a Madubin Imrana

"Kai ka kashe shi, Imrana. Kai, da hannunka."

Hajiya Hansatu tana tsaye a bakin gareji, takalmanta duk laka, mayafi ya zamo kafaɗa. Tun da ya auri autarta Surayya ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce Injiniya. Yau ta kama. Abokinsa Hafiz, wanda ke taya shi sauke kujerun taron suna, ya ajiye ta hannunsa a hankali.

"Hajiya, don Allah mu shiga ciki, maƙwabta na ji."

"Su ji. Daga gonar nake."

Ragon nata ne. Tun da ta sauka garin Germantown na Amurka don jiran haihuwar Surayya ta ce ita za ta ba da ragon suna, tunda an yi mata alkawari in namiji ne sunan marigayi mijinta za a raɗa masa. Ta ƙi naman kwali da mahauta ke aikowa a daddatse. Dole aka bi da ita babbar hanya mai lamba 270 har gonar wata tsohuwar Baturiya, Olive, inda mutanensu kan sayi ragon layya. Ta shafa wannan, ta buɗe bakin wancan, ta tsaya a kan wani fari mai baƙin kunne. Ta kwaɓa lalle ta shafa masa a goshi da ƙafafu, ta ɗaura masa jan ƙyalle a wuya don kada a haɗa shi da na wani. Lami matar Hafiz takan kai ta da yamma. Sai ta tsuguna jikin shinge tana ba shi dusa da kanwa, tana yi masa hira har duhu ya fara, don shi kaɗai ne a ƙasar nan ba ya katse ta ya duba waya.

Da safen nan, ana gobe suna, ta iske shi bayan rumbu an lulluɓe shi da tampol. Ba ta jin Turanci, Olive ba ta jin Hausa. Amma Olive ta ɗaga hannuwa kamar mai riƙe da bindiga, ta rufe ido ɗaya, ta faɗi sunan Imrana. Sauran bayanin Lami ce ta fassara: dila ya dami gonar, shi ne Olive ta roƙi Imrana da Hafiz su zo da bindigarsu, suka zo jiya bayan magariba.

"Ka dawo jiya ka gaishe ni," in ji Hajiya. "Ka ci tuwon da na tuƙa har da ƙari. Ragona yana can kwance."

"Tsautsayi ne, Hajiya. Dila na auna, wallahi. Harsashin ne ya goce."

"Harsashi yana da ƙafa?"

Hafiz ya yi gyaran murya. "Ai ya yi bisimilla kafin ya harba, Hajiya, ni shaida ne. Ko da a ce..."

"Rufe min baki. Barewa ce shi? Ragon da yake cin dusa a tafina za ka halatta min da bisimillar bindiga? Mushe kuka mai da shi. Ko wuƙa ba wanda ya kai masa."

Ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ta je bakin mota, ta dawo, ta ture kujera da ƙafa. Ta san madubin nan. Wata guda ke nan Imrana ba shi da zance sai nasa: madubin da ake ɗaurawa a kan bindiga, ba ruwansa da haske, ɗumin jiki yake gani. Ranar da aka kawo shi har girki ya huce yana leƙen kyanwar maƙwabta ta taga.

"To faɗa min yadda ya goce. Da Hausa."

Imrana ya share goshi duk da sanyin da ake yi. Ya ce sabon madubi sai an saita shi da bindiga. A kafa abu a nesa, a harba, a duba inda harsashi ya faɗa, a gyara, a sake harbawa, har sai alamar da ke cikin madubin ta dace da inda harsashi ke sauka. Wannan kuwa ba ya ganin takarda, sai an kafa masa abu mai ɗumi.

"Me kuka kafa?"

Hafiz ya dubi silin.

"Na ce me kuka kafa?"

"Robar ruwan zafi," in ji Imrana a hankali.

Hajiya ta dafe ƙirji. Robar da take gasa gwiwarta da ita. Ta birkice gidan nan kaf tana nema, har ta zargi mai shara, ta kwana biyu tana ɗingishi tana dafa wa mai jego ruwan wanka.

"Robata kuka harbe?"

"Harbin farko ya same ta a gefe, ruwan ya tsiyaye, ta huce, muka daina ganinta. Sai muka ce ai ya yi."

"Kai ka ce ya yi," in ji Hafiz. "Ni cewa na yi mu dawo wani lokaci."

"Kai kuma wa ya kwance madubin ya kai shi Silver Spring yana nuna wa mutane a gidan cin abinci? In an cire an mayar ai sai an sake saiti."

"Ka gaya min? Cewa ka yi in sa masa batir."

"Mai shagon da na saya ma cewa ya yi irin wannan maɗauri ba ya gocewa."

"Kuma Olive ta ce ta shigar da dabbobin duka."

Tana kallonsu, daga wannan baki zuwa wancan. Laifin ya tashi daga Imrana ya koma kan Hafiz, ya wuce shago, ya zagaya gona. A nan idonta ya sauka a kan hannun Hafiz. Yatsunsa uku jawur har farce.

"Hafiz, aure za ka ƙara?"

Ya tura hannun aljihu.

"Fito da shi. Lalle ne wannan. Lallena."

Imrana ya sunkuyar da kai. Ya ce tun da asuba suka je wata gona suka samo wani farin rago, suka shafa masa, don kada ranta ya ɓaci. Da ba ta je yau ba, gobe sai dai ta ga nama.

"Wato ni ce za a rufe wa ido. A yanka baƙon rago da sunan marigayi Malam, ina ta murna ina raba wa mutane." Ta nuna akwatin ƙarfen da yake ajiye bindigar. "Ɗauko min abin nan. Shi kaɗai, ban da bindigar."

Ya buɗe akwatin ƙarfe da makulli, ya kwance madubin, ya kunna, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta kara a ido.

Garejin ya koma toka-toka. Mutum biyu farare fat suna tsaye, ba ido, ba gemu, ba ta san wane ne surukinta ba sai da ɗaya ya motsa. Ta ɗaga nata hannun. Lallen da ta yi don suna babu shi. Ta kama gefen jan mayafinta, babu ja. Ƙofar cikin gida ta buɗe, wani fari ya fito rungume da wani ɗan ƙaramin fari mai haske kamar garwashi.

"Umma, lafiya? Tun daga sama nake jin muryarki." Surayya ce, da jariri a kafaɗa.

Hajiya ta sauke madubin da sauri kamar ya ƙone ta.

"Koma ciki da yaron nan, iska za ta buge ki." Ta juyo. "Injiniya, a cikin abin nan ba lalle, ba jan ƙyalle. Yaya aka yi ka san dila ne?"

"Yana jikin shinge, a duƙe."

"Na ce yaya aka yi ka sani?"

"Ya yi kama da dila."

"Kai fa, Hafiz? Ka ga dilan?"

"Madubin ɗaya ne, Hajiya. Shi yake kallo."

Surayya ba ta koma ba. Ta ƙara ƙanƙame yaron, ta ce, "Umma, ba jiya za ki je ba?"

"Jiya zan je. An canza wa Lami lokacin aiki a asibiti, shi ya sa muka bari sai yau. A jikin shingen nan nake tsugunawa. A duƙe."

Wata mota ta wuce a titi, mai ita ya ɗaga musu hannu, ba wanda ya mayar.

Hajiya ta naɗe madubin a gefen zaninta, ta ƙulle tam, ta ja kujera ɗaya cikin na suna ta zauna a tsakiyar ƙofa. Gwiwar tana yi mata zugi.

"Baƙon ragonku ku yanka, yaro ba zai rasa suna don ku ba. Amma ba da sunan ragona ba. Gobe kafin liman ya buɗe baki, ɗayanku zai miƙe a gaban mutane ya faɗi wanda ya ɗaura abin nan bai saita ba, da abin da ya gani kafin ya harba. Ba shago ba, ba Baturiya ba. Mutum, da sunansa. In kuka yi shiru, ni zan miƙe, kuma kun ji muryata. To, Imrana, ina jinka. Wa zai amsa?"