Azumin Dattijo Bilyamin

A duk Potiskum, babu wanda ya kai Dattijo Bilyamin iya rainon rai. Shi da kansa ya tabbatar da haka a sujadar Lahadi, kuma ba a samu wanda ya musa ba. Ya ce uban ruhaniya na gaskiya da cikinsa yake ɗaukar ɗansa, saboda haka zai yi azumin kwana bakwai domin Ari.

Ari direban keke napep ne a unguwar Dogo Tebo. Wata takwas ke nan ikilisiya ta sa shi ƙarƙashin horo saboda giya. Idan ya kai Lahadi mai zuwa bai kurɓa ba, za a mayar da shi teburin Jibin Ubangiji, matarsa kuma ta ce za ta dawo da yara. A ranar da Dattijo ya yi alkawarin, Ari ya yi kuka, don bai taɓa jin wani ya ƙi abinci saboda shi ba.

Dattijo ya yi azumin Litinin har ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Daga nan ya gano cewa azumi al'amari ne na zuciya.

Ranar Alhamis da azahar rana ta kwanta a kan gari, kwalta tana rawa kamar ruwa. Shanun da ake korawa kasuwa suna tafiya a hankali, sai ka ce ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Ari yana tuƙi, maƙogwaronsa yana kiran wani gidan giya a bayan gari. Sau biyu keken ya karkata can da kansa. A na uku ya juya shi da ƙarfi zuwa gidan Dattijo, yana so kawai ya ga busasshen bakin da ke riƙe da shi.

Ya tarar da shi yana barci a inuwar dalbejiya. A mafarki Dattijo yana tsaye cikin farar riga, mala'iku suna jera masa mutanen da ya yi rainonsu, layi har ya wuce ganin ido. A gefen kujerarsa akwai kwanon tuwo da aka suɗe tas, ga man ja yana ƙyalli a gemunsa.

Mama Kande, matar Dattijo, tana zaune a bakin madafa, ta buɗe nata kwanon ke nan. Tun asuba take suyar waina, ba ta sa komai a baki ba.

"Mama," in ji Ari, "Baba ci yake yi?"

"Ci yake yi," ta ce. "Har da ƙari."

Ari ya yi wata 'yar dariya, ya juya zai fita. Ta san inda zai nufa.

"Kai, ɗan nan, dawo ka zauna. Wa ya sallame ka?"

Ya zauna a kan turmi. Ta rufe kwanonta da faifai.

"Daga yanzu ni na karɓa. Bakwai cur, ba ragowar ba. Ni ban iya wa'azi ba. Amma kullum da la'asar ka zo ka dubi bakina, ni ma in shinshina naka."

"Mama, ke da kike kan wuta kullum? Da ƙamshin waina?"

"Kai ma ai ta ƙofar gidan can kake wucewa kullum. Rufe ido."

Addu'arta gajeriya ce, rabi da Hausa, rabi da yaren Ngizim. Iska ta ɗan motsa ganye, inuwa ta yi ta yawo a kan fuskokinsu. Ari ya daɗe a zaune kafin ya tashi, ya ce sai gobe da la'asar.

Ƙarar keken ce ta ta da Dattijo. Ya yi miƙa, ya ce ya ji a ruhunsa yaron nan zai tsaya. Sai idonsa ya faɗa kan faifai.

"Kande, wancan kwanon fa, akwai mai shi?"

Ta miƙa masa, ta tafi jiƙa shinkafar wainar gobe.