Ciyawar Waliyiya Brijid

Nuala ta zube ciyawar fadama a kan teburin gadon asibiti, har ruwan jikinta ya ɗiga a bargon mahaifiyarta. Mahaifiyar tata, Dympna, ba ta ko juyo ba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ita a kicin bayan Kirsimeti ba ta ce uffan ba, hannun damanta kuma yana yashe kamar na aro. Likita bai ɓoye komai ba: in ba a ga alamar motsi ba, gidan kula da tsofaffi za a kai ta. Dympna kuwa ko shayi ba ta yarda wata ta haɗa mata, balle a yi mata wanka.

Ranar jajibirin bikin Waliyiya Brijid ce, ƙarshen Janairu, lokacin da kowane gida a ƙauyensu ke saƙa ɗan gicciye da ciyawa, a rataye a saman ƙofa don tsari daga gobara da yunwa. Dympna ce ke saƙa nasu kowace shekara, da na maƙwabta, har da na coci. Nuala ta haura arba'in ba ta taɓa yin ɗaya mai kyan gani ba, amma ta rantse bana ƙofarsu ba za ta zauna haka nan ba.

Ta lanƙwasa, ta juya, ta ƙara sili, abin ya warware mata a hannu.

Uwargida Tuohy ta gadon kusa, wadda ta karye a ƙugu amma bakinta lafiya lau, ta leƙo. "'Yar nan, sheƙar tsuntsu kike haɗawa?"

"Gicciye ne."

"To, Allah ya sa waliyiyar ta gane kayanta."

Nuala ta yi murmushin dole, ƙwalla na neman zubo mata. Sai ta lura mahaifiyarta ta ƙura wa gindin ciyawar ido. Duk a datse yake tsaf, kai ɗaya.

Kowa ya san da hannu ake tuge ciyawar Brijid, ƙarfe ba ya taɓa ta. Ita ma ta sani sarai. Amma da safe da ta sauka daga bas a bakin fadama, ga ruwan sama, ga takalmin ofis a ƙafarta, sai ta zaro almakashi daga jaka ta ce a ranta, wa zai gane?

Leɓen Dympna ya motsa. Muryar ta fito da ƙyar, a karkace.

"Al...makashi."

Nuala ta ɗago kai ta dube ta.

"Kin... yanka." Hannun tsohuwar ya ja jiki a kan bargo, ya hau teburi, ya ture ciyawar ta watse a ƙasa.

Nas ɗin ɗakin da ta shigo da magani ta tsaya cak. "Da wane hannu ta yi wannan?"

"Da na dama, ni shaida ce," in ji Uwargida Tuohy. "Da yarinyar ta matso kaɗan, da ta sha mari."

Nas ta ajiye maganin ta fita neman likita. Nuala ta sha faɗan uwarta tun tana 'yar mitsitsiya, a kan gishiri, a kan miji, a kan yadda take shanya wanki, amma ba ta taɓa jin wanda ya yi mata daɗi irin na yau ba. Godiya ta cika mata ciki har ta rasa wanda za ta fara yi wa, Allah ko waliyiya ko almakashin.

"Na yi laifi, Mama. Bari in je in gyara."

Akwai wani kwari mai ruwa a bayan wurin ajiye motocin asibitin. Nan ta shiga da takalmin ofis ɗin, taɓo har idon sawu, tana tuge ciyawa, ciyawar na yanke mata tafin hannu, tana kuka tana dariya. Wani mai gadi ya tsaya yana kallonta, da ya tuna jajibirin bikin Brijid ne sai ya gyaɗa kai ya wuce.

Da ta dawo ta tarar likita ya zo ya tafi, ya ce maganar gidan tsofaffi a dakata tukuna. Dympna ta bi gindin sabuwar ciyawar da kallo, fari-fari da ƙasa a jiki, ba ta ce komai ba, wanda a wurinta yabo ne. Ta ɗora babban yatsan damanta a tsakiya ta danne, yana rawa, Nuala na lanƙwasawa tana juyawa.

Gicciyen ya fito, hannu ɗaya ya fi sauran tsawo.

"Idan mun koma gida, a ƙofar gaba za mu rataye shi," in ji Nuala.

Dympna ta daɗe tana duban aikin 'yarta.

"Ta... baya," ta ce.